Cigiyar Shuɗin Duro

Yaya Gidaɗo ne ya fara ganin rubutun. Ni idona yana kan wata mata da ta cika keken jariri da fakitin nafkin, ta saɓa jaririn a kafaɗa, tana turawa cikin jiƙaƙƙen yashi, tayoyin suna nutsewa.

A lokacin ina karatun digiri na biyu a Manchester, ina zaune a ƙaramin ɗakin sama na gidan yayana a Gorton. Shi ya gama digirinsa na uku a kan ƙasar noma, amma an soke kuɗin binciken da ya sa ran za a ɗauke shi aiki a kai, kamar yadda aka soke abubuwa da yawa a shekarun nan. Sai ya sayi tsohuwar van yana raba parcel. Ranar da ba ni da lacca nakan bi shi, in riƙe waya ina karanto masa adireshi. Shi ke sauka ya ƙwanƙwasa ƙofa, don ni ba na iyawa.

Ranar nan aiki ya kai mu wani gari na bakin teku, arewa da Liverpool. An kwana biyu ana iska mai ƙarfi. Tun a hanya muka ji a rediyo cewa wani jirgin kaya ya kwanta a kan tudun yashi, kwantenoni sun zube, wasu sun fashe. Da muka gama rabon, Yaya ya ce mu leƙa mu ga ikon Allah.

Gaɓar ta cika da mutane, kamar kasuwar da babu mai sayarwa. Wasu da amalanken kanti, wasu da baƙaƙen ledoji. Takalman wasanni ne ko'ina, da tayoyin mota, da kwalayen biskit da ruwa ya narkar. Ba mai hayaniya, ba mai kallon fuskar wani. Can nesa, wajen wata babbar kwantena, akwai 'yan sanda biyu iska tana kaɗa rigunansu.

Wasu samari biyu suna gangaro da wani shuɗin duron roba, irin wanda mutanenmu ke aika kaya gida a ciki. Suka tsayar da shi, ɗaya ya zaro sukudireba yana neman ɓalle ƙarfen murfin. Takardar adireshin da aka manna ruwa ya cinye ta, amma rubutun alƙalamin maka yana nan a jikinsa da manyan baƙaƙe:

KAYAN MARIGAYI DALYOP. A BA 'YAN'UWANSA. ALLAH YA KAI LAFIYA.

Yaya ya karanta a fili, sannan ya nufe su.

Ya ce musu da Turanci wannan ba nasu ba ne. Mai sukudirebar ya ɗago. "Is it yours, mate?"

Yaya ya ce na mutanensa ne, ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin. Suka dube shi, suka dubi juna, suka hango wani kwalin takalma ruwa yana turowa, suka bi shi.

"Saudatu, zo ki kama mini."

"Yaya, ina za mu kai shi?"

"Gida. Tsintuwa ce. In muka bar shi nan, kafin la'asar an fasa shi, an watsar da kayan bawan Allah a yashi."

Muna gangara shi zuwa mota yana haki yana yi mini karatu, kamar yadda ya saba. Wanda ya ga tsintuwa, ya tabbata in ya bar ta za ta salwanta, kuma ya amince da kansa, to ya ɗauka. Ya adana ta, ya yi cigiya shekara guda a inda ake sa ran mai ita zai ji. Haka malaminsu na zaure ya karantar da su a Gombe. Na ce to. Yatsuna sun ƙage don sanyi.

Anti Raki, matarsa, ta buɗe mana ƙofa da ludayi a hannu. Ta dubi duron, ta karanta, ta ja da baya.

"Innalillahi. Abban Khadija, kayan mamaci ka kawo mini corridor?"

"Amana ce."

"Amanar ba ta da shed a bayan gida? Ke kuma Saudatu, kina gani kika ƙyale shi? Ai ke ko gidan ya ɗauko ya ɗora a ka, to za ki ce."

Na yi dariya na sunkuya ina kwance takalmi. Ita ma ta yi, amma dariyar ba ta daɗe ba. Ta rage murya.

"Ni dai kada ka ja mana magana. Watanni kaɗan suka rage."

Duk wanda ke gidan ya san watannin da take nufi. Da bazara Yaya zai cika shekara goma a ƙasar, ya samu damar neman takardar zama na dindindin, shi da ita da 'yarsu Khadijatu. Takardar da yake kai a lokacin kuma dab da cikar shekarun za ta ƙare, ba a sabunta ta. Saboda ranar nan Yaya bai taɓa barin tarar parking ta kwana ba. Saboda ita suka zauna a gidan da bangon kicin ɗinsa ke tsatsafo, suka ƙi yin faɗa da landlord. Anti Raki ba ta ga mahaifiyarta ba tun kafin ta haihu.

"Wace magana?" in ji Yaya. "Ɓarawo ne yake ɓoyewa. Ni shela zan yi."

Duron ya zauna a corridor tsakanin ƙofa da matattakala. Sai mutum ya karkata yake wucewa. Khadijatu, mai shekara biyar, wadda Turancinta na Gorton ne zalla, ta sa masa suna Mister Blue, tana ɗora masa jakar makarantarta. Anti Raki ta ce a buɗe a duba, wataƙila akwai lambar waya a ciki. Yaya ya ƙi. Ya ce mai kaya zai zo ya faɗi abin da ke ciki, a buɗe a gabansa, ta haka ake gane na gaskiya. Kuma shi ba zai sa hannu cikin kayan mamacin da ba nasa ba.

Ya fara cigiya a masallacin Old Trafford, bayan Juma'a. Ɗalibai suka saurara, suka ce ba su san wani Dalyop ba, daga nan suka riƙa kiransa Dakta Mai Duro. Ya yi a kasuwar Gorton, wajen mai sayar da doya da manja. Shiru. Bayan makonni ya ce ai kuskurensa ne.

"Dalyop sunan mutanen Jos ne. Ina cigiya a masallaci, mai kaya yana coci."

Akwai wata coci kusa da mu da mutanen Filato da Kudancin Kaduna ke zuwa. A zaurenta ake rabon abincin taimako ranar Laraba, layin har waje. Ranar Lahadi Yaya ya sa farin kaftani da hula, ya ce in raka shi. Muka tsaya a bakin ƙofa har aka tashi. Faston ya ji abin da ya kawo mu, ya tafa hannu ya tsayar da mutane.

Yaya ya gyara murya. "Salamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Ina cigiya. Na tsinci duro a bakin teku, shuɗi, an rubuta kayan marigayi Dalyop. Yana hannuna, ban buɗe ba. Wanda ya sani, ko ya san wanda ya sani, don Allah ya isar."

Wata tsohuwa mai ɗankwalin leshi ta dafe ƙirji. "Kai! Rabona da in ji an yi cigiya tun ina Kafanchan."

"Mama, ke cigiyar miji aka yi miki," in ji wani daga baya, aka fashe da dariya.

Suka ce ya turo hoto za su yaɗa a groups ɗinsu na London da Birmingham da Leeds. Da muka koma gida na ɗauke shi a corridor, yana tsaye kusa da duron, hannunsa a kan murfin. Shi ya ce fuskarsa ta fito sosai, don mai kaya ya san da wa yake magana. Ya haɗa da saƙon murya da Hausa, ya faɗi sunansa da unguwarsa da lambarsa.

'Yan sanda suka zo wata safiya, mace da namiji. Suna da ladabi, har macen ta tambaya ko su cire takalma. Suka karkata suka wuce duron kamar kowa. Na kawo shayi na tsaya a bakin ƙofar falo, Anti Raki tana bayana.

Macen ta tambayi tun yaushe duron yake gidan. Yaya ya faɗa. Ta tambaya ko ya kai rahoto. Ya ce ƙwarai, ya lissafa mata: masallaci, kasuwa, coci, waya. Ta ce ba wannan ba. Akwai ofishin da doka ta ce duk wanda ya ɗauki abin da teku ta fitar daga jirgi ya sanar da shi cikin 'yan makonni, kuma makonnin sun wuce. Yaya ya ce bai taɓa jin sunan ofishin ba, amma in suna da lambarsa yanzu zai kira.

Sai namijin ya tambaya: to, in ba wanda ya zo fa? Me zai yi da kayan?

Na ga fuskar Yaya ta washe, irin ta malamin da ɗalibi ya yi wa tambaya mai kyau. Ya ajiye kofinsa.

"After one year, it becomes lawful for me."

"For you," in ji macen.

Ya ce e, nasa ne ya yi amfani da shi ko ya bayar.

"Abban Khadija, ka yi shiru mana," in ji Anti Raki daga bayana, da Hausa, a hankali.

Yaya ya ci gaba da bayani, cewa ko bayan shekarar mai kaya ya bayyana dole ya mayar masa ko ya biya, kuma shi sadaka ya yi niyyar yi da su da sunan mamacin. Suka saurara suna gyaɗa kai. Amma na lura alƙalamin macen ya tsaya tun a jimlar farko.

Suka tafi da duron. Suka ce ya zo ofishinsu washegari.

Ya dawo da yamma da ledar kifi da chips, yana fara'a. Ya ce sun tambaye shi ko yana son lauya, ya ce me zai yi da lauya shi da bai yi laifi ba. Sun sake yi masa tambayoyin jiya, ya sake ba su amsoshin jiya, don ba zai sauya magana ba.

"Ƙarshe dai caution suka ba ni. Gargaɗi ne kawai, jan kunne. Ba kotu, ba tara."

Anti Raki ta zauna a kan matattakala ta ɗaga hannu sama. "Alhamdulillahi. Wallahi tun jiya cikina bai karɓi komai ba."

"Yaya, ka sa hannu a wani abu?" na tambaya.

"Na sa. Sun karanto mini dogon bayani, sun ce in yarda na ɗauka ban sanar ba. Ai gaskiya ce, na ɗauka. Sun ce ba hukuncin kotu ba ne, da kunnena na ji." Ya miƙo mini ledar. "Ci tun da zafi. Babba ya ja maka kunne, ka ce na gode, a wuce wurin."

Muka ci kifin a falo, Khadijatu tana tambaya ina aka kai Mister Blue.

Da lokacin haɗa takardu ya matso, muka nemi mai duba mana. Ofishin ba da shawara kyauta da ke babban titi an rufe shi tun bara, ya zama shagon caca. Sai muka je wurin wani lauya a saman shagon gyaran waya. Yana ta duba takardun yana cewa da kyau, da kyau, har ya zo kan tambayar ko an taɓa samun matsala da 'yan sanda. Yaya ya ce babu, sai dai wani gargaɗi. Lauyan ya cire tabarau.

Ya yi bayanin a hankali, sau biyu. Abin da suke kira caution ba jan kunne ba ne. Amsa laifi ne, kuma ana rubuta shi a sunan mutum. Wanda ke da sabon caution a sunansa, a ƙa'ida ba a ba shi zama na dindindin sai an ɗauki kamar shekara biyu. Yaya kuma ba shi da shekara biyu, takardarsa da bazara za ta ƙare. Za a iya gwadawa, a haɗa da bayani da shaidu. Za a iya ƙalubalantar abin a kotu, amma gwamnati ta daina biya wa mutane lauya a irin wannan, kuma ba ya so ya yi mana ƙarya game da yadda ake ƙarewa.

"Me ya sa ba ku zo ba kafin ya sa hannu?"

 Anti Raki tana kallon kalandar da ke bango.

A makon ne wayar Yaya ta yi ƙara muna cin tuwo. Muryar tsohuwa ce, har mu muna ji.

"Ina magana da mai cigiya?"

Sunanta Mama Angelina, matar marigayi Dalyop, tana Erdington a Birmingham. 'Yan sanda sun kawo mata duron. Sai daga baya wata 'yar cocinsu ta kunna mata saƙon muryar Yaya, ta ji da kunnenta. Ta ce ba ta buɗe ba, kuma ba za ta buɗe ba sai a gabansa.

Anti Raki ta ce ba za ta je ba. Da safiyar Asabar kuma na sauko na same ta ta riga mu shiga mota, da kwanon cincin a cinya. Muka bar Khadijatu wurin maƙwabta.

Gidan yana bayan babban titin Erdington, ƙarami, da hoton marigayin a kan talabijin cikin rigar mawaƙan coci. Mama Angelina gajeruwa ce, ta yi shekaru tana aikin kula da tsofaffi har gwiwoyinta suka gaji. Ta riƙe hannun Yaya da hannayenta biyu ta ƙi saki.

"Ɗana, sannu. Sannu. Na yi muku gwate. Naman a shagon Musulmi na saya, da kaina na je, kada ku ji komai."

Ɗanta Alfred yana tsaye a bakin kicin, dogo, da rigar aikin tuƙin bas. Ya gaishe mu da Turanci, idonsa a ƙasa. Shi ne ya kira 'yan sanda. Kamfanin da suka ba duron ya gaya musu duk wanda ya ga kayansa a hannun wani ya kai rahoto ya karɓo lamba, in ba haka ba babu maganar diyya. Ya ga masu kwasar kaya a talabijin. Sannan hoto ya iso wayarsa, an turo an sake turowa, wani mutum da bai sani ba ya ɗora hannu a kan kayan ubansa. Saƙon muryar ya zo tare da hoton. Ya kunna, ya ji Hausa ce, ya kashe.

"I didn't know, uncle. I just saw the picture."

"Ka ji shi," in ji Mama Angelina. "Hausa ba ya ji, Berom ba ya ji, sai latsa waya. Da ka kawo mini na saurara, hannunka zai karye ne?"

"Mum."

"Kada ka mum ɗi na. Je ka ɗauko filaya."

Yaya ya ce a bar yaron, duk ɗan da ya ga haka abin da zai yi ke nan. 

Duron yana bayan gida a kan siminti, kusa da igiyar shanya. Kafin a buɗe Yaya ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, ƙa'ida ce. Me ke ciki?"

Ta yi murmushi, ta gane. Ta lissafa da yatsu: kwat uku, ɗaya mai ruwan toka wadda ya sa ranar aurensu. Takalma. Rigar mawaƙa. Barguna. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya zo da shi daga Bukuru. Ta ce a nan aka binne shi, don ba su da halin kai gawar gida. Ƙannensa ba su ga fuskarsa ba, ba su zuba masa ƙasa ba. Kayan nan ne za su raba a tsakaninsu, kowa ya sa rigar ɗan'uwansa, a yi kukan da ba a yi ba.

Alfred ya ɓalle ƙarfen, ya ɗaga murfin.

Warin ne ya fara fitowa, muka ja baya gaba ɗaya. Ashe akwai tsaga a gindin duron, siririya, ruwan teku ya shiga tun ranar farko ya kwanta a ciki. Watannin nan duka yana corridor ɗinmu kusa da hita. Bargunan sama sun yi baƙi da fumfuna. Alfred ya jawo kwat ɗin mai ruwan toka, hannun rigar ya rabu da jikinta ya zauna a hannunsa. Littafin ya kumbura ya dunƙule kamar bulo, ba shafin da ke buɗuwa.

Mama Angelina ta karɓi littafin ta riƙe a ƙirji, ruwan yana ɗiga a zanenta.

Yaya ya daɗe yana kallon cikin duron. "Da na buɗe a ranar na shanya su," ya ce, bai ƙarasa ba.

"Kai ma ka san ba za ka buɗe ba," in ji ta. "Ku zo ku ci abinci, ya huce."

A kan abincin ne Anti Raki ta faɗa mata maganar takardun, ba tare da ta ɗaga murya ba, tana juya cokali a kwano. Mama Angelina ta ajiye nata. Ta dubi Alfred, wannan karon ba ta yi masa faɗa ba. Ya tashi ya fita bayan gida, muka ji yana zuba kayan a leda.

Ta yi abin da za ta iya. Ta sa Alfred ya kai ta wurin 'yan sanda a Manchester, ta ce ita ce mai kaya kuma ta yafe, hasali ma godiya take yi. Aka gaya mata cikin ladabi cewa maganar ba tsakaninta da shi ba ce, kuma an riga an rufe ta. Ta rubuta shaida, fastonsu ya rubuta, faston Gorton ya rubuta, limamin Old Trafford ya rubuta. Lauyan ya haɗa duka ya aika. Kowace Lahadi sai ta kira ta ce sun sa Yaya a addu'a.

Ana cikin jiran ne muka je kasuwar Gorton da Anti Raki. A wani tebur an tara takalman wasanni sababbi, ana sayarwa da araha, kowanne da farin zanen gishiri a gefensa. Mutane suna ta gwadawa. Ta tsaya ta ɗauki ɗaya, ta goga babban yatsanta a kan gishirin.

"Wannan bai yi cigiya ba," ta ce. Ta ajiye, muka wuce wajen kifi.

Amsa ta zo bayan bazara. Sun ƙi.

Yaya ya sayar da van, suka fara shirin komawa gida. Ni zan koma ɗakin wasu ɗalibai mata a Old Trafford har in gama. Kamfanin aika kaya ya kawo musu duro huɗu, shuɗaye, aka jera su a corridor da falo. Anti Raki ta yini tana naɗe tukwane a cikin zannuwa. Khadijatu ta kawo rigar sanyinta ta makaranta ta ce a sa, uwar ta ce ba za ta buƙace ta a Gombe ba, ta ce ita dai a sa, aka sa.

Yaya ya bi kowane duro ya kwantar da shi, ya duba gindinsa da tocila, ya shafa da hannu, sannan ya yarda a zuba kaya. Tun zuwan amsar bai cika magana ba. Ya daina yi mini karatu.

Da aka rufe na farko, Anti Raki ta miƙo mini alƙalamin maka. "Ke ce mai rubutu mai kyau. Rubuta, ƙanwar miji, ki yi mana aikin ƙarshe kafin ki huta da mu."

Na durƙusa na rubuta sunan Yaya da garin. A ƙasa hannuna ya ci gaba da kansa, yadda kowa yake yi: ALLAH YA KAI

"Goge," in ji Yaya.

Na ɗago. Yana tsaye a kan matattakala da tocilar a hannu.

"Sunana da lamba kawai, da Turanci. Kada ki sa Hausa."

"Yaya, addu'a ce."

"Ki yi ta a baki. In ya faɗa ruwa, kada wani namu ya karanta."

Na jiƙa yatsa na goga, bai fita ba. Irin makar nan ce da ko ruwan teku ba ya wankewa. Sai na bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya ina shafe su da baƙi, har ba a gane komai, sannan na matsa wurin na biyu.